Tsohuwar da Ta Ɓata wa Gafaru Fim

Kowa a unguwar Parkchester ta Bronx, a New York, ya san Gafaru Darakta. Wanda bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don ita ake gani a gaban kowane taro na 'yan zango, Hausawan Ghana, fuskar kuwa tana can manne da kyamara. Gajere ne mai ɗan tumbi, furfura ta cinye masa gemu, ga wata riga mai aljihuna barkatai da ba ya rabuwa da ita ko ana zafi ko ana dusar ƙanƙara. Daga Litinin zuwa Juma'a tasi yake tuƙawa, ya kai wannan asibiti, ya kai wancan filin jirgi. Asabar da Lahadi kuma sai ya rataya kayan aiki ya bi gidajen suna da ɗaurin aure da addu'ar mamaci, daga Bronx har Harlem, wani lokacin ma ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Staten Island. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai bidiyo. In ka faɗa, ranar ko gaisuwarka da ƙyar zai amsa. Shi darakta ne, kuma yana da fim.

Fim ɗin guda ɗaya ne tak, sunansa Fatalwan Gada. Ya yi shi a Kumasi, a unguwarsu Aboabo, tun yana saurayi, kafin cacar biza ta faɗo kansa ta kawo shi New York. Labarin wani direba ne da ya cuci ƙanensa, ƙanen ya mutu da baƙin ciki, fatalwarsa ta dawo ta tare shi a kan gada. Kaset ɗin yana nan a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon ɗankwalin matarsa Adisa. Ba wanda ya taɓa kallonsa a Amurka, kuma dalilin a fili yake: kaset ɗin Ghana ba ya yi a injin Amurka. Ka saka shi, hoto ya yi ta gudu sama, launi ya ɓace, murya ta shaƙe. Duk wanda ya taɓa zuwa da kaset daga gida ya sha wannan takaicin, don haka ba mai musu.

Fim ɗin da ba a kallo kuwa girma yake yi. A gidan wakye na kusa da tashar jirgin ƙasa mai lamba shida, inda direbobi suke haɗuwa su ci shinkafa da wake irin ta gida, Gafaru ya ba da labarinsa har ba ya ƙirguwa, kuma kowace shekara gadar tana ƙara tsawo, fatalwar tana ƙara ban tsoro. Da farko mata biyu ne suka suma a ɗakin kallo, daga baya suka zama layi guda. Abin ban haushi ma, akwai waɗanda suka fara rantsuwa sun kalle shi a Kumasi, har suna tuna masa da wuraren da bai san ya ɗauka ba. Shi kuwa sai ya kaɗa kai ya ce, "Ka gani ko? Wancan ne aiki." Gaskiyar ita ce fim ɗin bai cika mako ba a ɗakin kallon Aboabo, mai wurin ya mayar da fim ɗin Indiya. Amma wannan ya daɗe, har shi kansa Gafaru ya manta.

Mutum ɗaya ne ya san inda uzurin yake da ɓaraka, ita ce Adisa. Ta san akwai wani shago a Harlem da mijinta ya yi shekara da shekaru yana kai kaset ɗin suna ana juya su daga na Amurka zuwa na Ghana, don a aika gida. Injin da yake juya kaset ya tafi can, ai shi ne zai juyo da shi nan. Ta sani, shi ma ya san ta sani, amma ba ta taɓa buɗe baki a gaban mutane ba. In ya fara labarin gada a falo, sai dai ta tashi ta ce tana da miya a wuta.

Aikin da ya ci da iyalinsa kuwa, wanda ya taimaka har 'yarsa Rafia ta gama karatun nas, shi ne wanda ya raina. A wancan zamanin ba a kiran waya ana ganin fuska. In an yi suna a Bronx, kaset ɗin ne yake zuwa wurin kaka a cikin jakar wani matafiyi, a tara gida duka a kalla. Saboda haka da an gama cin abinci sai kowa ya yi layi a gaban kyamarar Gafaru ya gai da nasa. Mutum zai gyara hula ya durƙusa ya ce wa uwarsa, "Mma, muna lafiya, yara suna gaisuwa," sannan ya bi gida ɗaki ɗaki yana kiran sunaye, har da maƙwabta, har da mai gadin masallaci. A shekararsa ta farko Gafaru ya yi abin da darakta yake yi, ya datse gaisuwar wata tsohuwa da ta yi tsawo. Tsohuwar ta hau benensu da sandarta, tana haki, ta zauna a falo ta yi kuka, ta ce sunan ƙanwarta ya yanke, yanzu ƙanwar za ta ce an manta da ita. Tun daga ranar hannunsa ya mutu wajen yanka. Ko tsoho zai yi tari ya kurɓi ruwa ya sake daga farko, sai ya bar shi. Bidiyonsa suka zama dogaye, masu gajiyarwa, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Yanzu ma da samari suke ɗauka da waya su sa kiɗa su gama a ɗan ƙanƙanin lokaci, dattawa ba sa kiran kowa sai shi.

Mutum ɗaya ne ba ya shiga layin gaisuwa, wato Kadri, amininsa kuma babban mai tsokanarsa. Kadri dogo ne siriri, yana aikin ajiye motoci a wani gareji a Manhattan. Shi ma ɗan Kumasi ne, amma na wata unguwa, kuma ya riga Gafaru fitowa da daɗewa, a nan New York suka san juna. Duk sanda kyamara ta juyo kansa sai ya kare fuska da faranti ya ce, "Darakta, wuce gaba, ni fuskana ba na kyauta ne ba." A yi dariya a wuce. Kowa ya san dalilin amma ba a faɗa. Mahaifiyarsa ta rasu lokacin ba shi da takardu, bai je jana'iza ba, kuma tsohuwar ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba a rayuwarta. Ko ɗan ƙaramin hotonta na katin shaida ba shi da shi.

Tsokanar Kadri ce ta jawo komai. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suna gidan wakye, talabijin ɗin da ke saman firji ta nuna wani tsohon Bature mai shirya finafinai ya durƙusa a fadar Ingila, an ɗora masa takobi a kafaɗa an ba shi sarautarsu. Masu sharhi suka shiga gardama, wannan ya ce finafinansa na ƙuruciya sun fi, wancan ya ce a'a, na tsufan ne masu hankali. Kadri ya aje cokali ya nuna Gafaru.

"Ku dubi ikon Allah. Su sun naɗa nasu, ga namu yana cin wakye ko ƙwai ba a sa mishi ba. Sarki, wannan ba abin kunya ne gare mu ba?"

Ya manta, ko kuwa bai manta ba, Alhaji Usaini Sarkin Zangon ƙungiyarsu yana teburin baya, kuma shi mutum ne da ba ya gane wasa. Ya goge hannu a natse ya ce maganar Kadri gaskiya ce, an yi sakaci. Kafin wata ya ƙare dattawa suka zauna suka yanke shawara za a naɗa Gafaru Sarkin Majigi, a yi taro, a ɗaura masa rawani. Gafaru ya yi kwanaki ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Har fasinjojinsa ya riƙa gaya wa, waɗanda ba su tambaye shi ba.

Sai kuma Kadri ya ƙara gishiri. Ya ce ai ba a naɗa Sarkin Majigi ba tare da majigi ba, lallai ranar a nuna wa jama'a Fatalwan Gada. Gafaru ya yi murmushin tausayi ya kawo tsohon uzurinsa na inji. Bai san magana ta riga ta kai kunnen Rafia ba. Ita kuwa yarinya ce mai zuciya ɗaya, tana son ubanta, ta taso tana jin labarin gadar nan. Ta tambayi uwarta inda kaset yake. Adisa ta durƙusa ta jawo akwatin. Ranar Lahadi da hantsi Rafia ta shigo tana murna, ta aje wa ubanta wani ɗan filas na kwamfuta da bai kai yatsa ba a tafin hannu, ta ce da Turanci ga tsarabarta, an juya, kuma mai shagon ya ce hoton ya fito tas.

Gabansa ya faɗi. Ya yi godiya, ya sa mata albarka, ya ce sai wani lokaci a kalla. Rafia ta riga ta jona a talabijin.

Sunansa ne ya fara fitowa, rubutun hannu a jikin kwali, ana ganin yatsun wanda ya riƙe kwalin. Daga nan ƙarar janareta ta taso, ba ta kuma sauka ba har ƙarshe. Makirfon da suka ɗaura a sandar tsintsiya yana leƙowa daga sama kamar mai son a gaishe shi. Fatalwar da ta sumar da mata, ashe wani abokinsa ne aka bulbula wa hodar jarirai, ya yafa zanen gado, agogo ɗaure a hannunsa, ga silifan wanka a ƙafa. A wurin da ƙanen yake cikawa, akuya ta shigo ta shinshina shi ta fita. Abin da ya fi komai ci wa Gafaru rai shi ne jama'a. Bai taɓa iya korar mutane daga titi ba. Duk inda kyamara ta juya, ga yara suna ɗaga hannu, ga mata a bakin famfo sun saki baki, ga tela ya bar keke ya fito yana kallo. 'Yan wasan nasa har ɓacewa suke yi a cikin mutanen unguwa.

Sai babban wurin ya zo, wanda ya fi ba da labarinsa. Fatalwa ta tare direba a tsakiyar gada, ta ɗaga hannu za ta yi magana. Wata tsohuwa da kwanon koko a ka ta ratso tsakaninsu, ta ja ta tsaya, ta ƙare wa fatalwar kallo daga sama har ƙasa. Aka ji muryar Gafaru ta ƙuruciya daga bayan kyamara, siririya, cike da fushi.

"Mma, don Allah ki wuce mana, fim muke yi!"

Tsohuwar ta juyo ta dubi kyamara ido cikin ido.

"Hanyan ubanka ne? Ku nemi aikin yi." Ta waiwayi fatalwa. "Kai kuma je ka yi wanka."

Ta gyara kwanonta ta wuce abinta ba tare da sauri ba. Sai a lokacin Gafaru ya tuna: batir ne ya kusa mutuwa ranar, rana kuma tana faɗuwa, ba halin sakewa, shi ya sa wurin ya zauna a haka.

Rafia ta yi dariya har ta zame daga kujera, sai da ta ga fuskar ubanta ta haɗiye sauran. Adisa ba ta yi dariya ba. Shi kuwa yana zaune kamar an zare masa laka. Ba munin fim ɗin ne kawai ya dame shi ba. Shekarun nan duka, in ya gaji da zaman tasi, in fasinja ya yi masa magana kamar ba mutum ba, abin da yake riƙewa ke nan, cewa shi ya taɓa yin wani abu. Yanzu za a haska wannan a gaban duk wanda ya taɓa ba wa labari, sannan a ce ya zo ya durƙusa a naɗa shi. Ya san mutanensa. Sunan da za su laƙaba masa ranar, da shi za a binne shi.

"Zan je in ba Sarki haƙuri," in ji shi. "In ce ba ni da lafiya."

"Baban Rafia, an riga an sayi rawani," in ji Adisa. "Mutanen Staten Island sun ɗinka anko. Wane ciwo za ka ce kana yi?"

Washegari bai fita aiki ba, ya zauna gaban kwamfuta zai gyara abin da zai gyaru, tunda dai ya iya. Ya cire yatsun mai kwali. Ya cire akuya. Ya bi duk inda mutanen unguwa suka cika hoto yana datsewa, da ya duba abin da ya rage sai ya ga bai kai tsawon tallar sabulu ba, kuma labarin ba kai ba gindi. Ya zo kan tsohuwar. In ya cire ta, fatalwa za ta ɗaga hannu ne kawai fim ya ƙare. Ya ɗora yatsa a kan maɓalli ya daɗe a haka. Adisa ta shigo da shayi, ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Kai da ba ka taɓa yanke tsohuwa ba, yau za ka fara?"

"Tsohuwan nan zagina ya yi, Adisa."

"To, ai gaskiyanshi ne. Hanyan ubanka ne?"

Ta aje shayin ta fita. Ya yi tsaki, ya ƙara yin tsaki, amma yatsan ya ƙi dannawa. Abin da ya saba ya fi ƙarfinsa. A ƙarshe ya mayar da komai yadda yake, har akuyar, ya rufe kwamfutar. Ya ce a ransa su yi dariyarsu sau ɗaya a huta, ya gaji da ɗaukar gadar nan a ka.

Ranar naɗi, Lahadi bayan azahar, zauren da ƙungiya ta kama ya cika har bakin ƙofa. Mata sun sha anko, tukwanen wakye da tuwo suna jere a bango, yara suna guje-guje suna amsa wa iyayensu da Turanci. Alhaji Usaini ya zauna a gaba da rawanin a naɗe a kan cinyarsa, ya ce a fara da majigi, naɗi ya biyo baya. Aka ja labule, aka kashe fitila. Gafaru yana gefe a bakin kwamfuta cikin sabuwar babbar riga, gumi yana bin bayansa. Ya yi bisimilla ya danna.

Kwali ya fito da yatsu, aka kwashe da dariya. Ya sunkuyar da kai. Fatalwa ta fito da agogonta, dariyar ta ƙaru, ya ji muryar Kadri a sama da ta kowa yana tambaya ko a lahira ma ana duba lokaci. Gafaru ya rufe ido yana jiran sauran.

Sai wata murya ta tsaga zauren daga ɓangaren mata.

"La ilaha illallahu! Famfon ƙofan gidanmu!"

Hajiya Balki ce, dattijuwar da ba ta iya miƙewa sai an kama ta, ga ta tsaye da kanta tana nuna allo. Kafin ta zauna wani ya yi ihu daga baya, ya ce telan can kawunsa ne, wallahi shi ne, ga keken ɗinkinsa. Wani ya gane masallacin unguwa tun kafin a rushe shi a yi na bene. Wata ta gane kanta a cikin yaran da suke ɗaga hannu, da ɗan kamfai, ta jawo 'yarta da ƙarfi tana cewa ta duba, ta duba. Zaure ya rikice. Mutane suka bar kujeru suka matso gaba, inuwar kawunansu tana hawa allo. Ba wanda ya ƙara bi ta kan direba da ƙanensa, har ma wani ya ce wa fatalwar ta matsa ta tare masa shagon babansa. Ana ta kiran Gafaru ta ko'ina, "Darakta, tsaya nan! Darakta, mai da baya!" Masu dariya suna yi, masu share hawaye da bakin mayafi suna yi, wani lokacin mutum ɗaya ne yake yin duka biyun.

Gafaru ya ɗago kai a hankali. Ya dubi allon, ya dubi mutane. Duk abin da ya yini yana ƙoƙarin datsewa, shi suke kallo. Hankalinsa ya kwanta a karo na farko tun ranar da Rafia ta kawo filas. Ya tsayar, ya mayar, ya sake tsayarwa, duk wanda ya roƙa sai ya yi masa. Ta can ɓangaren mata ya hango Adisa ta harɗe hannu tana kallonsa.

Da aka iso gada ya riga ya saki jiki, har yana murmushi tun kafin zagin ya zo. Tsohuwa ta ratso da kwanonta. Siririyar muryarsa ta roƙe ta ta wuce. Ta juyo, fuskarta ta cika allo.

"Hanyan ubanka ne? Ku nemi aikin yi."

Zaure ya kwashe da dariya gaba ɗaya, har Sarki sai da ya kare baki da hannun riga. Gafaru ya waiga yana neman Kadri, don ya san wannan zai ishe shi tsokana har shekara ta zagayo. Kadri yana tsaye a tsakiyar hanya, farantinsa ya kife a ƙasa, shinkafa ta watse a kan takalminsa. Ba ya dariya. Waɗanda suke kusa da shi suka fara yin shiru, shirun ya bi layi layi har ya kai bango.

"Mma na ne," in ji Kadri. Muryar ba tasa ba ce. "Gafaru, Mma na ne. Kwanon kokonshi ke nan. Ta gadan nan yake bi kullum in zai je kasuwa."

Tsohuwar ta riga ta wuce, ta bar fatalwa da hannu a sama.

"Mai da baya," in ji Kadri. "Don girman Allah, mai da baya."

Gafaru ya mayar. Ta sake ratsowa, ta sake tsayawa, ta sake zagin ubansa, kuma bai taɓa jin abin da ya yi masa daɗi kamar wannan zagin ba. Ya tuna yatsansa a kan maɓallin nan ranar Litinin, yadda ya rage kaɗan, sai ya yi hamdala a ɓoye bai bari kowa ya ji ba. A karo na uku, daidai inda ta juyo ta dubi kyamara, ya tsayar da hoton. Ga ta nan, gira a haɗe, gammo a ƙarƙashin kwano, tana hararar zauren duka.

Kadri ya taka a hankali har gaban allo. Dogon mutumin nan da ya yi shekara da shekaru yana kare fuska da faranti, ya gyara hularsa, ya tattara rigarsa, ya durƙusa kamar yadda ya ga kowa yana yi a gaban kyamarar Gafaru.

"Mma," in ji shi. "Ni ne Kadri. Muna lafiya. Na yi aure, Mma. Yara suna gaisuwa."

Ya fara kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda ya yi kama da ita da wanda ya ɗauko bakinta. Muryarsa ta karye, ya tsaya, ya share fuska, ya sake daga farko. Wani daga cikin masu shirya taro ya matso kusa da Gafaru ya raɗa masa cewa lokacin zauren yana tafiya, ga Sarki yana jira da rawani, ko za a ci gaba. Gafaru bai ko dube shi ba. Ya janye hannunsa daga kan kwamfutar ya zura a aljihu.

"Rawani ya jira," in ji shi. "Mutum yana gai da uwanshi, ba a yankewa."